Na Kusa da Taya

Badamasi mai hoto ba ya son a taɓa masa kwamfuta. Duk wanda ya san shagonsa a Parakou ya san da wannan. Kana iya zama a kan teburinsa, ka shanye masa shayi, ka yi ta musu da shi kan ƙwallo har la'asar, ba zai ce maka uffan ba. Amma ka kai hannu kan linzamin kwamfutar nan, nan take fuskarsa za ta canza. Shekara goma sha huɗu ke nan yana aiki da ita, ita da wata tsohuwar sikana mai nauyin buhun gishiri, kuma da su biyun ya yi suna wajen gyaran tsofaffin hotuna. Wanda gara ta ci, wanda ruwa ya jiƙa, wanda yara suka yi wa gashin baki da biro, duk a wurinsa suke ƙarewa.

Ran Litinin da hantsi direban wata motar Djougou ya kawo masa ƙunshi a naɗe da zane, an ɗaure shi da igiya kamar mai shirin gudu. Da ya kwance sai ya ga hoto ne baƙi da fari, ya yi ja saboda tsufa, girmansa kamar takardar wasiƙa. Maza ne sun kai arba'in, sahu uku, a gaban wata babbar mota da aka shaƙe da huhun goro. A tsakiya wani dattijo ne zaune a kan kujera, da rawani da sanda, sauran duk a tsaye ko a tsugune. A baya an rubuta da ajami: Maigida da mutanensa, ranar da mota ta iso.

Bai gama dubawa ba wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce, ta ce sunanta Hafsatou, daga Djougou, ita ta aiko da hoton. Ta yi masa bayani a taƙaice, da muryar wadda ta riga ta gaji da maimaita labarin. Mahaifiyarta, Inna Salamatu, ta haura tamanin. Idonta na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma yana rufewa. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage ma tafiya yake yi. Mijinta ya rasu tun Hafsatou tana ciki, kuma a duniya babu hotonsa sai wannan. Shi ma ba nasu ba ne, yana rataye ne a zauren wani babban gida, inda mata ba su zama, da ƙyar aka ba su aro na mako guda.

"Ga ta nan, ta ce ita za ta faɗa maka da bakinta," in ji Hafsatou.

Aka yi ɗan motsi, sai wata siririyar murya ta fito. Suka gaisa, ta tambaye shi iyali da gajiya da ruwan sama a Parakou, ba ta tsallake komai ba.

"Maigida nake so ka fito mini da shi," ta ce. "Ka yi shi babba, yaro, yadda zan gani. Sauran ban da matsala da su."

"In sha Allahu, Inna. An gama."

Badamasi ɗan gidan 'yan kasuwa ne, tun yana ƙarami yake jin labarin Alhaji Tahir na Djougou, mai masaukin fataken goro, wanda kowa ke kira Maigida har sunansa na yanka ya kusa ɓata. Tsohuwa ta ce maigida, bayan hoto ya ce Maigida. Ya haɗa biyun ya ga sun zauna daram: lalle wannan ita ce amaryar ƙarshe ta Alhaji Tahir. Bai tambayi suna ba. Wa zai ce wa tsohuwa irin wannan ta faɗi sunan mijinta? Ai rashin tarbiyya ne.

Sai dai Badamasi yana da son a yaba. Ya ce a ransa ba fuska ɗaya kawai zai kai ba, zai gyara hoton gaba ɗaya, ya buga shi da faɗin tabarma, mutanen Djougou su san an zo Parakou. Ya kwantar da hoton a kan gilashin sikana, ya zaɓi mafi ƙurewar tsabta da take iya ɗauka, abin da bai taɓa yi ba. Sikana ta yi ta gurnani tana ja a hankali. Ya je ya yi azahar, ya ci tuwon doya a wajen matar da ke bayan shagon, ya dawo, sannan ta gama.

Da ya ɗaga hoton sai ya ji wani ɗan ƙara, kamar an ɓare albasa. Kusurwar ƙasa ta hagu, wadda danshi ya daɗe da ci, ta manne da gilashi mai ɗumi, fatar hoton ta saɓule ta zauna a can. Ya duba. Wani saurayi ne da ke tsaye kusa da tayar mota, daga wuya zuwa hula babu, sai farin tabo. Badamasi ya yi tsaki, ya ji ba daɗi, amma ya ce da sauƙi tunda yaron mota ne, kuma ai sikana ta riga ta ɗauke shi. Ya sa tsumma ya goge ɓurɓushin daga gilashi.

Ya buɗe manhajar gyaran hoto, ya nuna mata fayil ɗin. Ta yi tunani, sannan ta fito da ɗan akwati: Mémoire insuffisante, wato ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. Ya rufe komai ya sake gwadawa. Haka. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya hura mata iska ta baya, ya sake. Haka dai.

Ya san maganin wannan, ko kuma yana tsammanin ya sani. Da safe ya hau zem, wato babur ɗin haya, ya shiga kasuwa, ya dawo da sababbin ƙwaƙwalwa guda biyu a cikin leda. Ya kwance murfi ya cire tsofaffin, ya danna sababbin da kansa. Giga takwas ke nan cif. Ya kunna yana murmushi, ya buɗe fayil, akwatin nan ya sake fitowa ko kunya babu. Da ya leƙa inda kwamfutar ke faɗin abin da take da shi, sai ya ga ta rubuta takwas, amma a gefe ta ce uku da ɗan wani abu ne kawai take amfani da shi.

Ya ɗauka an sayar masa da jabu. Har ya sa hula zai koma kasuwa ya yi rigima, sai ya tuna da ƙanwarsa Shakira, wadda ke da shagon gyaran kwamfuta a unguwar Ladjifarani. Bai cika son kiranta ba, domin ita ta yi karatun abin, shi kuwa da hannu ya koya, kuma tana da wata irin dariya da ba ta fitowa fili. Amma ya kira.

Ta zo da yamma a kan babur ɗinta, ta gaishe shi, ta tsaya nesa da teburin.

"Yaya, in taɓa?"

"Taɓa mana. Ba don haka na kira ki ba?"

Minti biyu ba ta yi ba ta janye hannu.

"Barrette ɗinka, ƙwaƙwalwar da ka sayo, lafiyarsu ƙalau. Sistem ɗinka ne, trente-deux bits ne. Ko giga ɗari ka zuba mata, lissafinta a huɗu yake tsayawa."

"Ta ga takwas. Da idona na ga ta rubuta takwas."

"Ta gani, amma ba ta iya kaiwa. Yaya, kamar gida ne mai ɗaki takwas, amma mai gidan mabuɗi huɗu kawai yake da wurin ratayawa. Ɗaya ya cika da kayansa. Kuma a ƙa'idarsa baƙo ɗaya ba ya wuce ɗaki biyu, komai yawan kayansa. Logiciel ɗinka, manhajar hoton nan, baƙo ne. Wannan hoton kuwa ya fi ƙarfin ɗaki biyu."

"To a ƙara masa mabuɗi."

"Sai a canza mai gidan. In sa maka soixante-quatre bits, gobe war haka ka gama. Mais sikanarka ba za ta yi magana da shi ba, masu ita sun daina yi mata pilote, ɗan tafintan da ke haɗa ta da sistem, tun kafin in yi aure."

Badamasi ya dubi sikanar. Da ya rabu da ita gara ya rufe shagon, haka ya ji a ransa. Ya ce a'a.

"To ba ni fayil ɗin in buɗe a tawa, in yanko maka abin da kake so."

Kafin ya amsa ta riga ta soka ɗan kile ɗinta, wato filashi, abu yana ta kwafa. Ya tsaya yana kallon koren layin yana cika, ransa yana ɓaci. Ba zai iya cewa kishi ne ba, don haka ya nemo wata hujja.

"Hoton mutane amana ne, ba ya barin shagon nan. Ki goge shi."

"To, Yaya," ta ce, irin "to" ɗin da ƙanne ke faɗi. Ta zare kile ta jefa a jaka. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kuma kada ka ce za ka share disk don ka ba ta wuri. Disk daban, mémoire daban."

Ran Laraba ya haƙura da hoton mai faɗin tabarma. Ya mayar da hoton kan gilashi a hankali, ya zagaye dattijon tsakiya shi kaɗai, daga rawani zuwa ƙirji, ya ɗauka. Wannan ya buɗe, amma manhajar tana ta jan ƙafa, kowane gyara sai ta yi nishi. Badamasi ya tuna da ƙaton fayil ɗin nan da ke zaune ba ya tsinana komai. Ya tuna da maganar Shakira ma, sai dai a ganinsa wuri wuri ne, duk yadda 'yan boko suka raba masa suna. Ya danna gogewa. Kwamfutar ta ce ya fi ƙarfin kwandon shara, in ya tafi ya tafi ke nan, ya tabbata? Ya ce ya tabbata. Saurin bai ƙaru ba ko kaɗan.

Kwana uku ya yi a kan fuskar Alhaji Tahir, kuma gaskiya aiki ya yi kyau. Ya cire tsagar da ta ratsa goshi, ya dawo da idon da tabo ya rufe, ya bi gemun nan kusan gashi-gashi. Da ya buga shi da girman faranti, ya sa a firam, shi kansa sai da ya ja baya ya ce ma sha Allah.

Ran Asabar ya shiga motar Djougou da kansa, don ba ya son direba ya karɓi yabon. Suka wuce Tourou rana ba ta yi zafi ba, suka tsaya a Onklou aka ɗora doya da wata akuya, suka iso kafin azahar. Hafsatou, mace mai jiki da furfura a gaban kallabi, ta tarye shi a ƙofar gida ta kai shi tsakar gida. Inna Salamatu tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, inda haske ya fi yawa. Ya durƙusa ya gaishe ta, aka kawo ruwa, sannan ya kwance firam ɗin ya miƙa.

Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kawo shi dab da idon dama, tana yawo da shi a hankali, sama, ƙasa, don idon yanzu ta ɗan ƙaramin rami yake gani. Ta daɗe. Sannan ta sauke shi a cinya.

"Allah ya jiƙan Alhaji," ta ce. "Ya fito sosai. Shi ya yi mana walicci. To ina maigida?"

Badamasi ya dubi Hafsatou, Hafsatou ta dube shi.

"Inna, ba shi ne Maigida ba?"

"Maigidan zango ke nan. Ni nawa nake nufi." Ta ɗan kau da kai, kamar wadda aka sa ta faɗi abin da bai kamata ba. "Uban wannan. Yana ta gefe, kusa da taya. Shi ke koyon tuƙi a lokacin, ba ya yarda ya yi nisa da motar."

"Labaran sunansa," in ji Hafsatou a hankali. "Na ɗauka ka gane. Ni ban taɓa sanin wanne ne a ciki ba."

Ya zaro tsohon hoton daga zane, ko da yake ya san abin da zai gani. Ga taya, ga riga, ga hannu ɗaya a kan ƙarfen mota, ga farin tabo. Ya tuna da tsumman da ya sa ya goge gilashi, ya tuna da tambayar da kwamfuta ta yi masa. Kunya da tsoro suka kama shi tare. Bai ɓoye ba, ya faɗa musu abin da ya faru, da ɓarewar da gogewar, yana kallon tabarma.

Hafsatou ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta ɗaga hannu.

"Bar shi. Bai sani ba." Ta shafa firam ɗin Alhaji Tahir ta tura shi gefe. "A kai wa mutanen gidansa, za su ji daɗi. Ka ci abinci kafin ka tafi."

Bai iya ci ba. A hanyar dawowa ya zaro waya sau uku yana mayarwa. Abin da zai tambaya yana nufin yana fatan ƙanwarsa ta raina maganarsa, shi da ya yi shekaru yana faɗan ba ta jin magana. Sai da suka baro Onklou ya kira.

"Shakira, hoton nan da na ce ki goge."

"Na'am, Yaya."

"Kin goge?"

Ta auna wace amsa ce ba za ta jawo faɗa ba.

"Ban samu lokaci ba tukuna."

"Alhamdu lillahi," ya ce da ƙarfi, har matar da ke kusa da shi ta juyo. "Kada ki samu."

Daga tasha Ladjifarani ya wuce kai tsaye. Shakira ta soka kile a wata 'yar siririyar kwamfuta da ba ta kai nauyin faranti ba, ta danna. Kafin ya gyara zama hoton ya buɗe, duk maza arba'in ɗin, da mota, da huhun goro. Ba akwati, ba nishi. Ta ja zuwa kusurwar hagu ta ƙasa, ta yi ta matsowa, taya ta cika allon, sannan riga, sannan fuska. Danshi ya ci gefen kunci da rabin hula, amma idanu da hanci da baki suna nan. Ta yanko shi, ɗan fayil da ko tsohuwar kwamfutarsa za ta ɗauka da hannu ɗaya, ta miƙa masa. Ba ta yi dariyar nan tata ba, shi kuma ya lura.

Wannan karon bai yi wa aikin ado ba. Inda hoto ya nuna, ya bi; inda danshi ya cinye, ya cike kaɗan ya bar sauran, don yana tsoron ya ƙirƙiro mata wani mutum daban. Ya ƙara baƙi ya ƙara fari yadda raunanan ido zai kama. Ya bar ɗan gefen tayar a ciki. Ran Talata ya sake shiga motar Djougou.

Ya tarar da ita a wuri ɗaya. Hafsatou ta ce tun ran Asabar ramin ya ƙara tsukewa, jiya ma sai da ta laluba ƙofar ɗakinta. Aka juya tabarmar ta fuskanci rana. Inna Salamatu ta karɓi firam ɗin, ta kawo shi har yana taɓa hancinta, ta fara daga hula. Ta sauko goshi, ta tsaya a ido ɗaya, ta ƙetara zuwa ɗayan, ta sauko baki. Saurayi ne siriri, da ɗan gashin baki da bai gama fitowa ba, ya ɗaure fuska don a ɗauke shi babba, dariya kuma tana neman ƙwace masa. Hafsatou tana leƙe ta bayan kafaɗarta, ta rufe baki da gefen mayafi. Ita ta girmi wannan fuskar da shekara talatin da wani abu.

Tsohuwar ta sake bin fuskar tun daga sama, sau biyu, ba ta gaggawa. Sannan ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe yaro ne," ta ce. "Duk shekarun nan yaro nake ta jin kunya."

Badamasi ya ga wuri fari a ƙasan firam ɗin inda ya saba rubuta suna da shekara, ya zaro alƙalaminsa don ya samu abin yi da hannunsa.

"Inna, wane suna zan rubuta a ƙasa?"

Ba ta ɗago daga hoton ba.

"Tambayi 'yarsa," ta ce.